Wasiƙa Daga Doha: Bawul, Jita da Batirin Mashin

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kowa na nan lafiya, manya da yara, na gida da waɗanda ke ci-rani irina. Mu ma nan lafiya lau, sai dai zafi, wanda a wannan ƙasa ba a ma tambayarsa cikin gaisuwa, tunda kowa ya san amsar. Karatu yana tafiya, darussa sun ƙare, saura binciken kundi, kuma shi ne ke cin rana da rabin dare.

Hoton da na tura zauren gida na WhatsApp kwanakin baya ya jawo mini magana fiye da yadda na zata. Ga wanda bai gani ba, hoton wani ɗan akwatin ƙarfe ne da bai fi tafin hannu ba, da maɓallai uku, da wata ƴar kwalba a tsaye a kansa tana ci ja-ja. Yaya Babba ya ce an tura ni ƙaro ilimi a jami'ar Amurkawa na ɓige da gyaran rediyo. Kawu ya tambayi nawa na kashe. Goggo ba ta damu da kuɗin ba, ita jitar da ta hango a jingine a bango ce ta tsaya mata a rai. Autanmu kuwa, da yake ɗan zamani ne, cewa ya yi duk abin da akwatin nan zai yi akwai manhajar da za ta yi shi a waya kyauta. Duk na ji, kuma kowannenku yana da ɗan abin kamawa. Amma ra'ayina shi ne wannan ɗan akwati ya fi yawancin darussan lantarkin da aka ba mu a aji koyar da mutum, kuma da za a bi ta tawa, duk yaron gidanmu da hannunsa ke ƙaiƙayin kwance rediyo sai a saya masa kayan haɗa irinsa maimakon a yi ta kwaɓarsa. Bari in kawo hujjata, sai ku yanke hukunci.

Da farko, mene ne abin? Turawa na kiran akwatin da suna feda, saboda a ƙasa ake ajiye shi ana taka shi da ƙafa. Ana sa shi tsakanin jita mai lantarki da amfilifaya, aikinsa ya canza muryar jitar: ya ƙara mata kauri, ko ya sa ta yi gurnani. Ita kuwa kwalbar, ita ce tsofaffin masu gyaran rediyo ke kira bawul. Wani Baturen Ingila, John Ambrose Fleming, ya ƙirƙiro ta a 1904, sai Ba'amurke Lee de Forest ya ƙara mata wata ƴar raga a ciki a 1906, kuma wannan raga ce ta sa ta iya ƙara ƙarfin sauti. Kusan shekara hamsin duk wani rediyo da talabijin da kwamfutar farko da ita suke aiki. Lokacin da Sashen Hausa na BBC ya fara watsa shiri a 1957, yawancin akwatunan da dattawanmu suka kewaye suna saurare masu bawul ne, irin waɗanda in ka kunna sai ka ɗan jira su yi ɗumi kafin murya ta fito. Taransisto, wanda aka ƙirƙiro a Amurka a 1947, shi ya zo ya kore ta, domin ƙarami ne, ba ya zafi, ba ya fashewa, kuma batirin tocila ya ishe shi. Yau bawul ta rage a wurare kaɗan, kuma mafi girmansu shi ne hannun makaɗa jita, waɗanda suka ƙi sakinta saboda muryarta.

Yadda take aiki ba wuya. Duk wanda ya taɓa zuwa Kadawa ko Kura lokacin noman rani ya ga yadda mutum ɗaya ke murɗa ƙofar kwalbati da hannu, ruwa mai yawa ya biyo ko ya tsaya. To haka ne a cikin kwalbar. An zuƙe iskar ciki gaba ɗaya. A tsakiya akwai wani siririn ƙarfe da ake gasawa da hita har ya fara fitar da ƙwayoyin lantarki, a gefe akwai faranti mai jawo su, a tsakaninsu kuma ga ragar nan. Ɗan raunannen lantarkin da ke fitowa daga jita shi ake kaiwa kan ragar, sai ta riƙa buɗewa tana rufewa daidai da kaɗawar tsirkiya, kwararar da ke zuwa faranti kuma ta kwaikwayi wannan kaɗawa amma da ƙarfi ninkin-ba-ninki. Bawul ɗin da nake amfani da ita sunanta 12AU7, a Turai ana ce mata ECC82, ƙafafunta tara, kuma irin wannan ƙofa guda biyu ce a cikin kwalba ɗaya. A takarda tana ninka sauti kusan sau 17 zuwa 20. Ƴar'uwarta 12AX7, wadda ta fi suna, tana kaiwa sau 100.

Ga inda maganar take. Waɗanda suka ƙera waɗannan kwalabe sun tsara su ne farantin ya samu bolt 100 zuwa 300, manyan kwalaben da ke tura lasifika a amfilifayar jita ma kan wuce bolt 400. Wannan wuta ce mai kisa, kuma mugun halinta shi ne kafasito kan riƙe ta ko bayan an zare filogi daga bango. Sai masu sha'awar haɗa kaya a gida suka gano cewa in ka ba 12AU7 bolt 12 kacal, ko ma 9, ba ta ƙin aiki. Tana yi, amma a yunwace. Ruwan da ke bayan ƙofar kaɗan ne, don haka da ka ɗan kaɗa tsirkiya da ƙarfi ta kai iyakarta, ta datse kan sautin, sai ka ji gurnani. Akwai wani zane da ya yaɗu a intanet tun shekarun 2000 mai suna Valve Caster, na wani maƙerin Japan da ake kira Matsumin, kuma shi na fara haɗawa: bawul ɗaya, rizisto ƴan kaɗan, kafasito ƴan kaɗan, maɓallan murɗawa uku. Duk kayan ba su cika tafin hannu ba, kuma kana iya sa yatsa a ko'ina cikin akwatin yana kunne ba abin da zai same ka.

Masu tsattsauran ra'ayi a wannan fage suna raina wannan hanya ƙwarai. Suna cewa bawul mai yunwa ba bawul ba ce, muryarta ba ta kama ƙafar ta tsohuwar amfilifayar Fender ko Marshall ba, kuma wasu kamfanoni sun mayar da ita kwalliya, har sukan ɓoye ƙaramar fitila ja a ƙarƙashin kwalbar don mai saye ya ga tana ci ya saki kuɗi. Gaskiya suka faɗa, duka ukun. Na saurari duka biyun kunne da kunne a ɗakin wani abokin karatu ɗan Lubnan, kuma bambancin ba ɓoyayye ba ne: mai bolt 250 tana da fili, tana barin sauti ya miƙe tsaf kafin ta fara gurnani sannu a hankali, mai bolt 12 kuwa da wuri take shaƙewa, muryarta na da ɗan duhu. Inda na rabu da su shi ne zaton da suke yi cewa akwai murya guda ɗaya da ta dace, sauran duk lalacewa ce. Wa ya yanke wannan hukunci? Shi kansa gurnanin da suke taƙama da shi, injiniyoyin da suka ƙera amfilifaya aibi suka ɗauke shi, suna ta faman kawar da shi. Makaɗa ne suka ce su shi suke so. Link Wray ya huda lasifikarsa da fensir a 1958 don ya samu wannan ƙara, Dave Davies na ƙungiyar Kinks ya tsaga tasa da reza a 1964. Abin da aka kira aibi jiya shi ake sayarwa da tsada yau.

Mu kuwa ba ma buƙatar Bature ya koya mana daɗin sauti mai zuga. Ku duba gangarmu: me ya sa ake gitta tsirkiya a kan fatar? Don ta riƙa zizara ne duk lokacin da gula ta sauka. Ku duba ɗan ƙarfen nan mai zobba da wasu makaɗa ke kafawa a ƙarshen sandar garaya, ba shi da wani aiki sai ya ƙara ƙura a kan sautin. Kunnen Bahaushe, kamar na yawancin mutanen Afirka ta Yamma, yana jin sautin da aka wanke tas kamar miyar da ba daddawa. Marigayi Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015, da gwangwanin kifi da ƴar fata da tsirkiya ɗaya ya zaga duniya, ba wanda ya ce masa kuntigi bai kai molo ba don haka ya ajiye. Ni da na fara taka wannan feda na ji muryar da ta fito, ban tuna Landan ko Shikago ba, gidan biki na tuna, da tsohuwar lasifikar da aka ƙure wa murya.

Kuma ga misali a maƙwabtanmu. Duk wanda ya san Agadas ya san cewa jita mai lantarki ta zama abin kiɗan biki a can, ana jona ta da janareta ko batir a tsakar titi, ana ƙure ƙaramar amfilifaya har ta shaƙe. Daga wannan fage Bombino ya fito, wanda faifansa na 2018 ya sa ya zama ɗan Nijar na farko da aka sa sunansa cikin masu neman kyautar Grammy. Daga nan ƙungiyar Etran de l'Aïr ta fito. Shi kuwa Mdou Moctar, jitarsa ta farko da hannunsa ya sassaƙa ta, ya yi mata tsirkiya da wayar birkin keke, domin babu ta saye kuma gidansu ba sa son kiɗan. Faifansa na farko a Sakkwato ya ɗauke shi a 2008, da irin na'urar gyaran muryar da mawaƙan finafinanmu ke amfani da ita, kuma ta katin waya waƙoƙin suka yaɗu daga hannu zuwa hannu kafin Turawa su ji labari. Yau matasan Amurka na sayen feda masu tsada suna neman muryar da ƙarancin kaya ya haifar a Agadas. Saboda haka in wani ya ce mini bawul mai bolt 12 ba ta yi daidai da littafi ba, sai in ce masa na ji, amma littafin ba da kunnenmu aka rubuta shi ba.

Sai dai ba muryar ce babbar hujjata ba. Babbar hujjata ita ce wutar. Haɗa akwatin aikin yamma ɗaya ne ga wanda ya iya riƙe ƙarfen narka dalma. Ciyar da shi wuta mai tsabta shi ne makarantar, kuma a nan zan ɗan daɗe, ku yi haƙuri, musamman Goggo.

Hitar 12AU7 tana son bolt 12.6 kuma tana jan miliamfiya 150 in ka ba ta ta ƙafa ta 4 da ta 5. In kuma ka haɗe waɗannan biyun ka ba ta ta ƙafa ta 9, sai ta ci bolt 6.3 da miliamfiya 300. Ko ta ina ka bi, kusan wat 2 ne. Shi kuwa farantin, inda ainihin aikin sautin ke faruwa, a bolt 12 abin da yake ja bai kai ko miliamfiya ɗaya ba. Wato fiye da kashi 99 cikin ɗari na wutar da akwatin ke sha a ɗumama kwalba take tafiya. Wannan lissafi kaɗai ya isa ya nuna wa yaro dalilin da ya sa taransisto ya ci kasuwa, ba sai an sa shi haddar shekaru ba. Fedar taransisto irin Tube Screamer ba ta jan ko miliamfiya 10, don haka ɗan batirin nan mai kusurwa huɗu na bolt 9 kan yi mata kwanaki. Sa shi a kan bawul, batirin da duka-duka abin da ke cikinsa bai fi miliamfiya 500 zuwa 600 na awa ɗaya ba, ko awa huɗu ba zai kai ba, kuma tun kafin nan muryar ta fara mutuwa.

To sai a koma adafta ta bango. Nan Ƙatar wutar bango bolt 240 ce mai juyawa sau 50 a daƙiƙa, filogin ma mai ƙafa uku irin namu na gida, gadon Ingila. Ba a ɗauke ta, ba ta sauka, ba ta hauhawa. Amma duk da haka in ka sa adaftar da ba ta da abin daidaita wuta a ciki, sai ka ji wani gunji mai zurfi a lasifika, huuum, wanda ba komai ba ne illa juyawar wutar bango ce ta sato hanya ta shiga cikin sautin. In ka sa irin ƙananan adaftocin zamani marasa nauyi, gunjin ya tafi, sai wani siririn fito kamar na sauro ya maye gurbinsa, saboda su kuma datsa wutar suke yi sau dubbai a daƙiƙa. Maganin na farko ɗan guntun nan mai ƙafa uku da ake kira 7812 ne da kafasito babba a gabansa, amma shi ma yana da sharaɗi: sai ka ba shi aƙalla bolt 14 da ɗoriya kafin ya ba ka 12 tsayayye, rarar kuma zafi yake mayar da ita, sai ka ɗaura masa ƙarfen sanyaya. Ga kuma tarkon bakin filogi. Yawancin fedojin jita, bisa al'adar kamfanin Boss, tsakiyar bakin shi ne ƙafar ragi, alhali kusan duk adaftar da za ka tsinta a kasuwa, ta na'urar intanet ko ta dikoda, tsakiyarta ƙafar ƙari ce. Bakin iri ɗaya, yana shiga daidai, amma wutar a juye. Mita ta ƴan kuɗi kaɗan ita ke raba wannan gardama, kuma yaron da ya saba auna wuta kafin ya jona ya koyi ɗabi'ar da za ta bi shi har tsufa.

Yanzu ga abin da ya fi burge ni. Kun taɓa tambayar me ya sa 12.6, ba 12 cif ba? Me ya sa 6.3? Saboda batirin mota ne. Kowane ɗaki na batirin ruwa yana ba da bolt 2.1 in ya cika. Motocin da na ɗaki uku ne, 6.3 ke nan, na baya masu ɗaki shida, 12.6. Tun farkon shekarun 1930 aka tsara hitar bawul a kan batirin mota don a samu rediyon mota, kuma wannan ma'auni ya zauna har yau. Daga wajen 1956 zuwa farkon shekarun 1960 ma an ƙera wasu kwalabe na musamman, irin su 12U7 da ECC86, waɗanda har farantinsu da bolt 12 na batir yake aiki, kafin taransisto ya gama share fagen. Wato abincin da wannan kwalba ta fi so shi ne wanda ke kowane lungu a garinmu: batirin mashin, batirin mota, batirin sola. Wutar batir ba ta juyawa, don haka ba gunji, ba fito. Na sayi ɗan batirin mashin mai amfiya 7 na gwada, kuma a kansa akwatin ya fi yin shiru fiye da duk adaftar da na mallaka. A lissafi zai yi awa 46, amma da yake batirin ruwa ba ya son a zuƙe shi ƙasa da rabi, a ce awa 20 da ɗoriya. Ya ishi biki har da na kai amarya.

Shi ma batirin yana da nasa darussa biyu. Na ɗaya, bolt 12 ba zai ja ka ba, amma batirin na iya tura amfiya masu yawan gaske in wayoyi biyu suka haɗu, waya ta yi ja, roba ta kama wuta. Fis ɗan ƙarami dab da kan batirin wajibi ne, kuma a zaɓi wanda zai jure ɗan fizgar farko, domin hita mai sanyi tana jan wuta fiye da ƙa'ida a daƙiƙun farko. Na biyu, batirin da ke kan sola da rana tsaka yakan haura zuwa bolt 14.4 yayin caji, hitar kuwa kada ta wuce kashi 10 cikin ɗari sama da 12.6, wato wajen 13.9, in ana so ta yi tsawon rai. Kuma 7812 ba zai cece ka a nan ba, tunda da rana ta faɗi batirin ya koma 12.5 ba shi da rarar da zai yi aiki da ita. Dole ka nemi wata dabara, ko ka cire batirin daga caji kafin ka jona, ko ka sa irin na'urar da ke iya ɗagawa da saukewa. Duk wanda ya warware wannan da kansa, to ya fahimci dalilin da ya sa fitilun sola na gidaje da yawa ke ƙonewa kafin shekara, da dalilin da ya sa batirin inbata ke mutuwa da wuri. Ku faɗa mini, akwai ilimin da garinmu ya fi buƙata a yau fiye da wannan? Ƙasa mai mutum sama da miliyan 200 da wutar gwamnatinta ke kai-kawo tsakanin megawat 4,000 da 5,000, ai rayuwarta a kan batir take. Amfilifayar Ahuja da ke masallatan unguwanni tana da wurin jona batir a bayanta saboda wannan dalili, kuma in ta fara gunji a tsakiyar huɗuba, ilimin da zai gyara ta shi ne dai wannan da na lissafa.

Na yi digirin farko na injiniya a gida, a jami'ar da ba sai na kama suna ba. Shekara biyar muka yi, mun zana taransisto a allo har ba adadi, mun haddace lissafinsa, mun ci jarrabawa. Ɗakin gwaji kuwa, mu fiye da ɗari a kan na'urar auna sauti guda ɗaya, mai kula da ɗakin ya riƙe ta muna leƙe ta bayan kafaɗarsa. Akwai waɗanda muka gama tare da ba su taɓa narka dalma ba ko sau ɗaya. A lokaci guda kuma, a Kasuwar Sabon Gari da Farm Centre akwai yaran da ba su gama sakandare ba, suna ɗaga ƙwayar da ba ta kai ƙwayar gero ba daga allon waya su dasa wata, amma in ka tambaye su me ya sa, sai su ce haka oga ya nuna. Masu takarda ba hannu, masu hannu ba takarda, kuma kowane ɓangare yana raina ɗaya. Nan Education City abin da ya fi ba ni mamaki ba tsadar gine-ginen ba ne, yadda abokan karatuna Turawa da Indiyawa da Larabawa ba sa jin kunyar wasa da hannu ne. Wannan yana haɗa jirgi marar matuƙi, wancan yana gyara tsohon agogo, kuma malamai kan tambaye su labarin abin kamar wani ɓangare ne na karatun. Mu a wurinmu mai digiri ya riƙe sukundireba, sai a ce karatun bai karɓe shi ba. Yaya, da girmamawa, maganarka ta gyaran rediyo daga wannan rijiya ta fito.

Me ya sa bawul, ba taransisto ba, in dai koyo ake so? Saboda ana ganinta. Taransisto baƙin ƙwaro ne mai ƙafa uku, sai dai a gaya maka abin da ke cikinsa ka yarda. Bawul kuwa gilashi ce: ga hita tana ci, ga faranti, in ka karkata ta ga haske har ragar za ka hango. Ƙafafunta manya ne, hannun ɗan koyo ba zai haɗe su da dalma ba. Tana da haƙuri, kuskuren da zai kashe taransisto nan take ita sau da yawa ko a jikinta. Sannan sakamakon kunne ne ke ba da shi: canza rizisto ɗaya ka ji murya ta canza. Manhajar da autanmu ke magana, na yarda, ta fi akwatina yawan muryoyi, wasu ma sun fi daɗi. Amma wanda ya latsa gilashin waya ya ji gurnani bai san kome ba game da inda gurnanin ya fito, kuma ranar da wayar ta mutu sai ya kai wa yaron Farm Centre.

Kawu, ga lissafinka. Sabuwar 12AU7 tana kamawa daga dala 20 zuwa 30, wato riyal 70 zuwa 110 tunda riyal a ɗaure yake a 3.64 kan dala ɗaya. Sauran kayan duka ba su kai kuɗin kwalbar ba. Inda hujjarka ke da ƙarfi shi ne samuwarta. Masana'antun da suka rage suna yin irin waɗannan kwalabe da yawa ana ƙirga su da yatsun hannu ɗaya: akwai ta Saratov a Rasha, akwai JJ a Sulobakiya, sai na ƙasar Sin. A watan Maris na 2022, da yaƙin Yukiren ya jawo takunkumi da hana fitar da kaya daga Rasha, sai da kasuwar ta rikice, farashi ya yi tsalle, shaguna suka ƙare. Kamfanin Korg na Japan ya fito da wata sabuwar bawul shafaffiya a 2015 mai suna Nutube, wadda ba ta cin wuta sosai, amma ba ta maye gurbin tsohuwar ba. Don haka ba zan ce wa kowa ya buɗe sana'a a kan bawul ba. Kwalba ɗaya dai, in a bolt 12 take aiki ba a gasa ta, takan yi shekaru, kuma ɗaya ta isa ta koyar da yara goma bi da bi.

Goggo, maganar jita kuma, na san ba ta lantarki ba ce, kuma ba ni da ilimin da zan shiga tsakanin malamai a kanta. Abin da zan iya cewa shi ne akwatin bai san jita ba. Duk raunannen sautin da ka ba shi zai ƙara masa ƙarfi, ko na makirufo ne, ko na rediyo, ko na karatun da ke cikin waya. Yaron da iyayensa ba sa son kiɗa zai iya koyon duk abin da na lissafa ba tare da ya taɓa tsirkiya ba. Ni dai tawa jitar a ɗaki take, da abin sawa a kunne, maƙwabcina ma bai san ina da ita ba.

Yanzu ga roƙona. Na je kasuwar gwanjo ta Haraj da ke unguwar Najma sau biyu ina neman tsofaffin rediyo, amma mutanen nan ba sa ajiye tsohon kaya, sai firji da kujeru. A gida kuwa na tabbata akwai su, a ɗakunan ajiyar kakanni, a ƙarƙashin teburan tsofaffin masu gyara, wasu ma a hannun ƴan jari-bola suna jiran guduma saboda ƴar tagullar da ke cikin taransifoma. Duk wanda ya ci karo da rediyo ko amfilifaya mai kwalabe a ciki, don Allah ya karɓa ya ajiye mini, zan biya. Kada a jona ta da wuta don a gwada, ko da mai ita ya rantse tana yi, domin waɗannan su ne masu bolt ɗari uku, kuma wasunsu jikin ƙarfen kansa yana ɗauke da wutar bango. A zare kwalaben a hankali, ana riƙe gindin ana ɗan girgizawa, kada a goge rubutun jikinsu da ruwa don lambar na gogewa, a naɗe kowace a tsumma. Wadda aka ga saman cikinta ya yi fari kamar alli iska ta shiga, ta mutu, a bar ta. Wadda samanta ke sheƙi kamar madubi ita ake nema.

In Allah ya kai mu hutun ƙarshen zango zan taho da kayan haɗa akwati uku da mita biyu. Autanmu ya nemo batirin mashin mai rai, ya kuma faɗa wa ƴaƴan Yaya, mata da maza, duk mai so ya zo. A gaida Hajiya da jiki, a gaida mutanen layi baki ɗaya. Wassalam.